Humphrey Jennings (1907-1950): Mawaƙin da Ya Yi Waƙa da Kyamara

Gabatarwa

Kamar yadda masu karatu suka saba gani, a kowace fitowa ta wannan mujalla mukan keɓe 'yan shafuka domin tarihin wani mutum da ya daɗe da barin duniya amma aikinsa bai bi shi kabari ba. A bana mun tsallaka teku, mun ɗauko wani Baturen Ingila mai suna Humphrey Jennings, wanda ya rayu shekara 43 kacal, ya kuma shafe 16 daga cikinsu yana shirya finafinai. Bai yi suna irin na taurarin silima ba, bai kuma tara dukiya ba. Sana'arsa ita ce ɗaukar hoton mutane na zahiri a bakin aikinsu: 'yan kwana-kwana da mahaƙa kwal da ma'aikatan masaƙu da direbobin jirgin ƙasa. Yawancin finafinan nasa gajeru ne, kuma hukuma ce ta biya kuɗin yin su domin wata buƙata tata ta wancan lokaci. Buƙatar ta wuce, gwamnatocin sun shuɗe, amma har yau ana nazarin finafinan a makarantun koyon fim.

Tambayoyi biyu ne suka sa muka ga ya dace a kawo tarihinsa. Ta farko, ta yaya aikin da aka yi da kuɗin hukuma domin farfaganda yake zarce farfagandar, ya zama abin da jikoki za su kalla? Ta biyu, idan hannu da yawa ne ya ɗauki jinka, sunan wa ake tunawa, na wa kuma yake ɓacewa?

Wane Irin Fim Ne Wannan?

Kafin mu shiga tarihin, ya kamata mai karatu ya san fagen da ake magana a kai. Finafinai iri biyu ne a dunƙule. Akwai na ƙagaggen labari, inda 'yan wasa ke kwaikwayo, akwai kuma finafinan zahiri, inda ake ɗaukar rayuwa yadda take. A cikin na zahirin, mafi yawa suna tafiya ne kamar lacca: murya tana bayani, hoto yana gaskata ta. Amma akwai wani reshe da ke tafiya kamar waƙa. Mawaƙi ba ya jero hujjoji ɗaya bayan ɗaya. Yakan ajiye wannan siffa kusa da waccan, ya koma ga amshi, ya bar mai sauraro ya haɗa ma'anar a zuciyarsa. Haka mai irin wannan fim yake yi da hoto da sauti.

Ba Jennings ne ya fara wannan salo ba. A 1926 wani mutumin Burazil mai suna Alberto Cavalcanti ya ɗauki rayuwar birnin Faris daga safiya zuwa dare. A 1927 Walter Ruttmann ya yi irin wannan da birnin Balin na Jamus. A 1929 Dziga Vertov ya fitar da mashahurin fim ɗinsa na mutum mai ɗauke da kyamara a Tarayyar Sobiyet, a shekarar ce kuma Joris Ivens da Mannus Franken suka yi wani ɗan gajeren fim da babu komai a cikinsa sai saukar ruwan sama a birnin Amsterdam, tun daga haɗuwar hadari har ɗaukewarsa. Duk waɗannan finafinan bebaye ne. Abin da Jennings da abokan aikinsa suka ƙaro shi ne sauti, da kuma damuwa da mutanen da ke cikin hoton.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Humphrey Jennings ranar 19 ga Agusta, 1907, a Walberswick, wani ƙauye na bakin teku a lardin Suffolk da ke gabashin Ingila. Mahaifinsa, Frank, masanin zanen gine-gine ne, mahaifiyarsa Mildred kuma mai zanen hotuna ce. Ke nan ya buɗe ido a gidan da fenti da takarda suke kayan yau da kullum.

Ya yi karatun sakandare a makarantar Perse da ke garin Kambirij, inda ake koya wa yara adabi ta hanyar sa su yi wasan kwaikwayo da kansu. Daga nan ya shiga Kwalejin Pembroke ta Jami'ar Kambirij, ya karanta adabin Ingilishi, ya fita a 1929 da sakamako mafi daraja. A jami'ar ya yi fice wajen tsara dandamalin wasan kwaikwayo, ya kuma kasance cikin ɗaliban da suka kafa wata mujallar adabi mai suna Experiment, tare da William Empson, wanda ya zama babban manazarcin waƙa, da Jacob Bronowski, wanda ya shahara a fagen kimiyya.

A wannan shekara ta 1929 ya auri Cicely Cooper, suka haifi 'ya'ya mata biyu, Mary-Lou da Charlotte. Ya fara bincike mai zurfi a kan mawaƙin nan Thomas Gray a ƙarƙashin malaminsa I. A. Richards, amma bai kammala ba. Burinsa na haƙiƙa shi ne ya zama mai zane, sai dai zane bai ciyar da iyali ba, ga shi lokacin tattalin arzikin duniya ya karye. Babu ce ta kora shi neman aikin albashi, kuma a 1934 ya same shi a wurin da bai taɓa tsammani ba, wato sashen shirya finafinai na hukumar gidan waya ta Birtaniya.

Shigarsa Harkar Fim

Shugaban wannan sashe shi ne John Grierson, mutumin Sikotilan, wanda ake ɗauka uban finafinan zahiri a Birtaniya. A ganin Grierson, fim makaranta ce: a nuna wa jama'a yadda wasiƙa ke tafiya, yadda ake kamun kifi, yadda hukuma ke aiki, domin su zama 'yan ƙasa masu wayewa. Jininsu bai haɗu da Jennings ba. Grierson da almajiransa suna yi masa kallon ɗan boko mai yawan surutu, wanda hankalinsa ya fi karkata ga ƙawa. Ayyukansa na farko ƙanana ne, irin su tarihin isar da wasiƙu da na injin jirgin ƙasa.

A wajen ofis kuwa yana cikin wasu harkoki biyu da suka gina shi. A 1936 yana cikin waɗanda suka shirya babban baje kolin zane a Landan na masu salon nan da ke haɗa abubuwan da ba su saba zama tare ba, kamar yadda mafarki ke yi. Daga gare su ya koyi cewa idan aka ajiye abubuwa biyu mabambanta kusa da juna, wata ma'ana ta uku takan fito wadda babu ita a cikin kowannensu.

A 1937 kuma, shi da mawaƙi Charles Madge da masanin halayyar al'umma Tom Harrisson suka kafa wata ƙungiya mai suna Mass Observation. Hujjarsu ita ce Turawan Ingila sun aika masana zuwa tsibirai masu nisa domin nazarin al'adun mutane, alhali ba su san abin da talakansu na gida ke tunani ba, jaridu kuma suna magana da yawun jama'a ba tare da sun tambaye su ba. Sai suka nemi 'yan sa-kai su riƙa rubuta abin da suka gani da abin da suka ji a rayuwarsu ta kullum. Jennings da Madge suka tattara rahotannin ranar 12 ga Mayu, 1937, ranar bikin naɗin Sarki George na Shida, suka buga su littafi guda. Bai daɗe a ƙungiyar ba, amma ya fita da ɗabi'ar kasa kunne ga talaka. Takardun ƙungiyar suna hannun Jami'ar Sussex, masana tarihi na amfani da su.

Grierson ya bar sashen a 1937, ragamar aikin ta koma hannun Cavalcanti, wanda ya zo daga Faransa da ƙwarewa a harkar sauti. Shi ne ya gane baiwar Jennings, ya sakar masa mara. Sakamakon haka shi ne Spare Time na 1939, fim na kimanin minti 15 a kan yadda ma'aikatan ƙarfe da na auduga da na kwal ke cin lokacin hutunsu: masu kiwon tantabaru, masu kallon ƙwallo, 'yan badujala, ƙungiyar mawaƙan mahaƙa kwal. Bayanin da ke ciki 'yan jimloli ne, sauran duk kiɗa da waƙar mutanen ne da kansu. Wasu abokan aikinsa suka zarge shi da yi wa talakawa ba'a, domin bai nuna su a matsayin jarumai ko abin tausayi ba. Ya nuna su yadda ya same su ne, kuma wannan ne abin da masu kallo na baya suka fi yabawa.

Shekarun Yaƙi

Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a watan Satumba na 1939. A 1940 aka mayar da sashen ƙarƙashin Ma'aikatar Watsa Labarai, aka sake masa suna zuwa Crown Film Unit, aka ba Ian Dalrymple shugabancinsa. Daga ranar 7 ga Satumba, 1940, jiragen Jamus suka dinga yi wa Landan ruwan bama-bamai kusan kowane dare har kimanin wata biyu, kuma kafin hare-haren su lafa a watan Mayu na 1941 fararen hula fiye da 40,000 sun hallaka a faɗin ƙasar. Jennings ya tura matarsa da 'ya'yansa Amurka, shi kuma ya zauna yana aiki.

Tare da Harry Watt ya shirya London Can Take It! a 1940, wani gajeren fim da aka yi domin Amurkawa su ga cewa mutanen Landan na kwana a ramukan fakewa, gari na wayewa su share gilasan da suka farfashe su tafi aiki. Wani ɗan jaridar Amurka, Quentin Reynolds, shi ya karanta bayanin. A 1941 ya yi Words for Battle, inda Laurence Olivier ya karanta zaɓaɓɓun rubuce-rubucen magabata a kan hotunan ƙasar.

A 1942 ne ya fitar da aikin da ake ganin ya fi kowane, wato Listen to Britain, ma'ana a saurari Birtaniya. Tsawonsa kimanin minti 20 ne, kuma babu mai bayani a cikinsa ko kaɗan. Ana farawa da gonar alkama tana kaɗawa, jiragen yaƙi na ruri a samanta. Sai yamma ta yi, a ga sojoji da 'yan mata cike da zauren rawa a garin Blackpool, masu gadi kuma na tsaye a bakin teku suna duban duhu. A ga sojojin Kanada suna waƙar gida a cikin jirgin ƙasa. Gari ya waye, yara suna wasa a filin makaranta, motocin sulke na ratsa ƙauye.

Wurin da aka fi ambato a fim ɗin shi ne na tsakar rana. 'Yan barkwanci biyu, Flanagan da Allen, suna yi wa leburori waƙa a ɗakin cin abinci na wata masana'anta, leburorin na bin su da fito. Kafin waƙar ta gama sauka, sai sautin ya zarce cikin kiɗan Mozart da Myra Hess ke kaɗawa a babban gidan ajiye zane-zane na Landan, Sarauniya na zaune cikin masu sauraro, a jikin bango kuma firam-firam ne wayam, domin an kwashe zanen an ɓoye saboda bom. Ba wanda ya buɗe baki ya ce lebura da sarauniya suna cikin hali guda. Haɗin sautin ne ya faɗa, mai kallo kuma ya ji kamar shi ya gano da kansa.

Ba kowa ne ya yarda da wannan salo ba. Edgar Anstey, ɗaya daga cikin almajiran Grierson, ya soki fim ɗin a jarida, yana ganin wasa ne a lokacin da gari ke cin wuta. Har ma an ƙara wa wani kwafinsa jawabin gabatarwa don gudun kada masu kallo su kasa fahimta. Amma jama'a sun karɓe shi hannu biyu-biyu, ya kuma shiga jerin finafinan da suka yi takarar lambar Oscar a 1943, ko da yake bai samu ba.

'Yan Kwana-kwana da Ƙauyen da Aka Shafe

A 1943 ya fitar da finafinai biyu masu tsawo. Na farko, Fires Were Started, labarin yini guda da dare guda ne na wata tawagar 'yan kwana-kwana a unguwar tashar jiragen ruwa ta Landan. Duk waɗanda suka fito a ciki 'yan kwana-kwana ne na gaske da suka sha kashe gobarar bom, ba 'yan wasa ba. An sake kunna wuta a gine-ginen da bom ya riga ya rusa domin ɗaukar hoton. Kusan rabin fim ɗin shiri ne da jira: gyaran mota, shan shayi, zolayar sabon shiga, waƙa a gefen fiyano. Saboda haka idan ɗaya daga cikinsu ya rasa ransa a gobarar, mai kallo ya riga ya san shi kamar maƙwabci. Ba a nuna fuskar abokin gaba ko sau ɗaya ba.

Na biyu shi ne The Silent Village. A ranar 10 ga Yuni, 1942, sojojin Hitila suka far wa ƙauyen Lidice na ƙasar Cekoslobakiya domin ramuwar kisan babban jami'insu Reinhard Heydrich. Suka harbe maza 173 a ranar, suka kwashe mata zuwa sansanin gwale-gwale, suka hallaka mafi yawan yaran, suka baje ƙauyen da nufin kada a sake tunawa da sunansa. Da yake da yawa daga mazan Lidice mahaƙa kwal ne da ma'aikatan ƙarfe, sai Jennings ya nemi wani ƙauyen mahaƙa a yankin Wales mai suna Cwmgiedd, ya zauna a cikinsu watanni, ya nemi su nuna abin da zai faru da a ce su aka yi wa haka. Mutanen suka fito da sunayensu na gaskiya, suna magana da harshensu na Welsh. A cikin fim ɗin, muryar mamaya tana fitowa ne daga lasifikar mota da akwatin rediyo, tana hana koyar da harshen a makaranta. Wanda duk ya san darajar mahaifa da harshen uwa zai gane dalilin da ya sa mutanen ƙauyen suka ba da kansu ga wannan aiki.

Fim ɗinsa na ƙarshe na yaƙi shi ne A Diary for Timothy. An bi wani jariri da aka haifa ranar 3 ga Satumba, 1944, daidai cikar yaƙin shekara 5, ana ba shi labarin watanninsa na farko ta hanyar mutane huɗu: manomi, mahaƙin kwal, direban jirgin ƙasa, da matuƙin jirgin yaƙi da ke jinya. Marubuci E. M. Forster ne ya tsara kalmomin, Michael Redgrave ya karanta. Fim ɗin bai yi ɗokin nasara ba. Ya tuna da rashin aikin yi da ya biyo bayan yaƙin farko, ya bar wa jaririn tambayar ko tsararsa za su bari a maimaita.

Waɗanda Ke Bayan Labule

A nan ne za mu koma ga tambayarmu ta biyu. A farkon Listen to Britain sunaye biyu aka rubuta tare a matsayin waɗanda suka ba da umarni suka kuma tace fim ɗin: Humphrey Jennings da Stewart McAllister. McAllister, ɗan Sikotilan da aka haifa a 1914, shi ne mai tace hoto da sauti a yawancin manyan finafinan Jennings na yaƙi. Tunda ƙarfin waɗannan finafinai yana wurin haɗa wannan hoto da wancan sauti, ba ƙaramin kaso na waƙar ba ne ya fito daga hannunsa. Abokan aikinsu sun shaida cewa su biyun sukan yi musu mai zafi a ɗakin tacewa, domin Jennings mutum ne mai saurin fushi, McAllister kuma ba ya sakin ra'ayinsa. Duk da haka, shekara da shekaru masu rubutu suna ambaton fim ɗin da sunan Jennings shi kaɗai. McAllister ya rasu a 1962 ba tare da an san shi sosai ba, sai a 1983 wani mai tace fim, Dai Vaughan, ya rubuta littafi a kansa, ya kira shi mutumin da ba a gani.

Ba shi kaɗai ba ne tarihi ya yi wa haka. Yelizaveta Svilova, matar Vertov, ita ta tace fim ɗin da ya ɗaukaka sunan mijinta. Mannus Franken ya ɓace a inuwar Ivens. Ruby Grierson, ƙanwar John Grierson, wadda ta iya sa talakawa su saki jiki su yi magana a gaban kyamara, ta rasu a watan Satumba na 1940 lokacin da aka nutsar da jirgin ruwan City of Benares mai ɗauke da yara zuwa Kanada, tana cikin aikin fim a kansu. Shi kansa Cavalcanti an daɗe ana rage masa matsayi a tarihin da almajiran Grierson suka rubuta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, tsohuwar al'ada ce a wannan sana'a.

Abin da Kyamararsa Ba Ta Nuna Ba

Adalci ya wajabta mu faɗi ɗaya gefen. Finafinan Jennings na yaƙi aikin hukuma ne, an yi su ne domin a nuna ƙasa mai haɗin kai, saboda haka yajin aiki da kasuwar bayan fage da sace-sace a gidajen da bom ya rusa ba su samu gurbi a ciki ba. Haka kuma Birtaniyar da ya saurara tsibirin ne kawai, alhali a lokacin daula ce mai mulkin ƙasashe da yawa, har da tamu. Finafinan da muka ambata ba su ba da labarin dubban sojojin Afirka ta Yamma da suka yi yaƙi a Habasha da Bama ba, waɗanda da yawansu Hausa ce harshen barikinsu.

Akwai kuma wani abin lura da ya shafe mu kai tsaye. Ma'aikatar da Jennings ya yi wa aiki ita ce ta kafa wani sashe daban a 1939 domin shirya wa ƙasashen mulkin mallaka finafinai, a ƙarƙashin William Sellers, wanda ya yi aikin jami'in lafiya a Nijeriya. Irin finafinan wannan sashe ne motocin majigi suka riƙa zagayawa da su garuruwa da ƙauyuka, ana haskawa a ƙofar fada ko filin kasuwa. Ƙa'idar Sellers ita ce ɗan Afirka ba zai gane fim mai tsalle daga wuri zuwa wuri ba, don haka a yi masa komai a hankali, darasi guda, ba dabarar kyamara. Ke nan a ƙarƙashin rufi ɗaya, an amince wa leburan Ingila ya haɗa ma'ana da kansa, an hana wa manomin Kano wannan amincewa, duk da cewa ya tashi cikin karin magana da habaici da zambo, waɗanda ba a gane su sai da irin wannan basira. Laifin ba na Jennings ba ne, amma tarihin fagen ba ya cika sai an faɗe shi.

Ƙarshen Rayuwarsa

Bayan yaƙi an ba shi lambar girmamawa ta daular Birtaniya, amma aikinsa bai sake kaiwa matsayin da ba. Haɗin kan da yaƙi ya tilasta ya sassauta. Ya yi fim a kan halin da Jamusawa suka shiga bayan an ci su da yaƙi a 1946, da wani a kan mahaƙar kwal ta Cumberland a 1947. Na ƙarshe da ya kammala shi ne Family Portrait na 1950, wanda aka shirya domin babban bikin baje kolin Birtaniya na 1951.

A watan Satumba na 1950 ya tafi ƙasar Girka neman wuraren da zai ɗauki wani fim a kan kiwon lafiya a Turai. Ranar 24 ga watan, a tsibirin Poros, ya hau wani tsauni domin ya hango wurin da kyau, sai ya zame ya faɗo, ya rasu a ranar. An binne shi a birnin Atens. Bayan shekara biyu, a 1952, gwamnati ta rufe sashen finafinan da ya yi wa aiki domin tsimin kuɗi.

Abin da Ya Bari

A 1954 wani matashin mai sharhi, Lindsay Anderson, ya rubuta maƙala a mujallar Sight and Sound, inda ya bayyana Jennings a matsayin mawaƙi na haƙiƙa guda ɗaya da silimar Birtaniya ta samar zuwa lokacin. Anderson da abokansa, irin su Karel Reisz, sun ɗauke shi jagora a sabon yunƙurin da suka fara a 1956 na ɗaukar rayuwar talaka ba tare da lacca ba.

Ya kuma bar wani aiki da bai ga fitowarsa ba. Shekaru da dama yana tattara rubuce-rubucen mutanen da suka ga zuwan injina da idonsu tsakanin 1660 da 1886, masana kimiyya da mawaƙa da leburori, yana jera su kamar yadda yake jera hotuna. 'Yarsa Mary-Lou da tsohon abokinsa Charles Madge suka kammala shi, aka buga a 1985 da sunan Pandaemonium, shekara 35 bayan rasuwarsa. Wannan littafi ne ya zaburar da Danny Boyle da marubuci Frank Cottrell-Boyce wajen tsara sashen juyin masana'antu a bikin buɗe wasannin Olamfik na Landan a 2012, wanda ɗaruruwan miliyoyin mutane suka kalla, akasarinsu ba su taɓa jin sunan Jennings ba. Tsakanin 2011 da 2013 Cibiyar Finafinai ta Birtaniya ta fitar da finafinansa gaba ɗaya cikin kundi uku.

Kammalawa

Idan muka auna wannan rayuwa, za mu ga amsar tambayarmu ta farko a fili take. An yi ɗaruruwan finafinan farfaganda a wancan yaƙi, masu ihu da zagin abokin gaba, kuma sun mutu tare da yaƙin. Na Jennings sun rayu ne domin ya girmama waɗanda ya ɗauka, ya bar su da muryarsu da waƙarsu, ya kuma girmama mai kallo, bai tauna masa ya ba shi a baki ba. Wanda ke son sanin yadda ɗan kwana-kwana ke dariya a 1942, ko yadda harshen Welsh ke fita daga bakin mahaƙin kwal a wancan zamani, yana da inda zai je ya gani ya ji.

Amsar ta biyu kuwa nauyi ce a kan masu rubuta tarihi, mu ma muna ciki. Jennings ya samu masu tuna shi, McAllister ya jira shekara 21 bayan mutuwarsa kafin a rubuta nasa, wasu kuma har yau ba a rubuta ba. Saboda haka duk lokacin da muka ga aiki ya yi kyau aka ɗaga sunan mutum ɗaya, yana da kyau mu tambayi su wa suka riƙe masa tsani, mu rubuta sunayensu tun waɗanda suka san su suna raye.